Yadda Sambo Ya Yi wa Ciyawar Roba Ban-ruwa

Ranar Litinin da hantsi Rayan ta haifi ɗa namiji a ɗakin mahaifiyarta. Kafin ungozoma ta gama wanke hannu, Sambo, uban mai jego, ya riga ya yanke inda za a yi suna.

Da aka sallame La'asar a masallacin Hillat Bube, ƙauyensu da ke yankin Jazira, ya miƙe tun mutane ba su shafa addu'a ba, ya gyara rawani.

"Jama'a, Allah ya ba ni jika. Suna Litinin mai zuwa. Kuma ba bisa tabarma za a yi shi ba. Bisa ciyawa za a yi shi, koriya shar, irin wadda kuke gani a talabijin in ana ƙwallo. Dangin uban yaro za su zo daga Sinnar, mota guda. So nake su koma su shekara suna ba da labari."

Kowa ya san ciyawar da yake nufi. Alhaji Attahiru, yayan matarsa Nasiba, a Jidda yake aiki. Bara ya zo hutu ya ƙarasa ginin gidansa a bakin gari, dab da hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Ya sa aka kawo masa ciyawar roba, aka shimfiɗe tsakar gidan da ita falle uku, aka kafe gefuna da dogayen ƙusoshi, aka barbaɗa mata yashi don ta zauna. Da zai koma ya bar karnuka biyu su yi gadi, Duna da Shawish, ya bar mabuɗi a hannun Sambo. Tun ranar Sambo ya rataya mabuɗin a wuya kamar laya, ya kuma fara kiran wurin "gidanmu na Jidda".

Malam Hamid, limamin gari, ya ɗago kai daga tasbaha.

"Masha Allah, Allah ya raya. Amma Abu Rayan, ba can karnukan nan suke kwana ba?"

"Can suke, Malam."

"Can suke ci?"

"Can."

"To, sauran fa?"

Sahun baya ya fashe da dariya. Sambo bai ko juya ba.

"Malam, ƙasa tana shanye komai. Shekara talatin ina noma hawashata, gonata ta ban-ruwa. Auduga, gyaɗa, dawa, alkama, ba wadda ba ta san hannuna ba. Babban malamin gona ya taɓa tsayar da mota ya sauko don ya kalli kunyata kawai. Ciyawar da ko girma ba ta yi ce za ta gagare ni?"

"Gani ya kori ji," in ji Malam Hamid. "Mu je."

Mutum tara suka bi su. Sambo ya ciro mabuɗi daga wuya, ya buɗe babbar ƙofar ƙarfe, ya ja da baya don baƙi su fara shiga. Ba wanda ya shiga. Wata takwas ke nan yana tura wa karnukan abinci ta ƙarƙashin ƙofa ya wuce abinsa, kuma wata takwas rana tana dafa abin da suka bari. Wari ya fito ya tarye su har tsakiyar hanya. Ladan ya yi tari. Malam Hamid ya ja jelar rawani ya rufe hanci. Duna da Shawish suna kwance tsakiyar ciyawar, suna kaɗa wutsiya kamar masu masauki.

Wani kai ya leƙo ta saman katangar maƙwabta. Dije ce, 'yar kawun Sambo, taubashiyarsa tun suna yara, mai awaki goma sha ɗaya da bakin da ya fi su yawa.

"Sarkin Noma! Ashe yau ka kawo mutane su ga taki? Mu da muke kusa mun daɗe muna shan albarkarsa."

"Uwar Awaki, koma ki ji da naki."

"Nawa ana sharewa."

Malam Hamid ya yi magana ta cikin rawani. "Abu Rayan, ni ba zan zauna nan in raɗa wa ɗan Musulmi suna ba. A kwashe ƙazanta, a kwarara ruwa mai tsarki har wari ya gushe. Ran Litinin zan zo in duba da hancina. In bai yi ba, a shimfiɗa tabarmi ƙofar masallaci kamar kowa."

Kalmar "kamar kowa" ita ta biyo Sambo har gida.

Nasiba tana tsakar gida tana yanyana nama sili-sili tana ratayawa a igiya ya bushe, don miyar suna. Labari ya riga shi isowa. Ta goge hannu, ta ɗauko wayarta ta kunna saƙon da yayanta ya aiko tun watan da ya tafi. Muryar Alhaji Attahiru ta fito a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Kullum a kwashe kashin karnuka da shebur. Duk kwana uku a fesa ruwa da tiyo. Inda suka saba fitsari a haɗa ruwan khal, tsamin nan da ake zuba wa salak, da ruwa, rabi da rabi, a zuba, a bari ya jima, a ɗauraye. A taje ciyawar da tsintsiya mai ƙarfi don ta miƙe. Kada a kusantar da wuta.

"Ruwan khal!" Sambo ya ce. "Salak za mu yi da ita?"

"Abu Rayan, tiyon yana nan rataye bayan ɗakinsa. Kwana biyu ya ishe ka. In ka ga dama ma ni zan je."

"Ke? A ce Sambo ya kasa, matarsa ta yi? Alhaji mutumin kirki ne, amma ya daɗe a ƙasar da ba a noma. Zama cikin sanyin na'ura ya sa ya manta ƙasa. Ki bar aikin gona ga manomi."

"Ba gona ba ce."

"Koriya ce ko ba koriya ba?"

Nasiba ta koma kan namanta.

Talata da sassafe ya tafi da shebur da manjagara, ya ɗaure hanci da gyalen Nasiba. Kwasar ƙazanta ya yi ta yadda ya kamata, wannan ba a hana shi ba. Da ya gama sai ya lura akwai yashi cike tsakanin ciyawar.

"Dubi ha'inci," ya ce wa Duna. "Sun sayar masa da ciyawa da rairayi a ciki."

Ya wuni yana kakkaɓe yashin, ya fitar da baro shida ya zubar bayan gari. Manjagara tana ta maƙalewa a kan ƙusoshi, har ɗaya ta yage masa takalmi. Manomin kirki ba ya barin ƙarfe a gona. Ya bi gefuna ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya cika gwangwani, ya kai wa maƙeri kyauta. Da yamma ya tsaya ya shaƙi iska. Warin yana nan daram, sai dai yanzu ciyawar tana zamewa ƙarƙashin ƙafa in an taka.

"Ta yi laushi," ya gaya wa masu shayi a bakin kasuwa. "Ƙasa ce ta fara numfashi."

Laraba ya gane cewa ba a share rijiya ana zuba mata ƙasa. Dole karnuka su tashi. Ya ɗaura musu igiya ya jawo su ta tsakiyar gari, ko kuwa su suka jawo shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Ya ɗaure su jikin turken jaki a gidansa, ya tafi masallaci. Kafin a idar da Azahar Shawish ya tsinke igiya da haƙori. Naman Nasiba na kwana biyu, wanda ya fara bushewa ya yi ƙamshi, yana rataye daidai tsayin kare in ya yi tsalle. Da Sambo ya dawo ya tarar da igiyar shanya fayau, karnuka biyu kwance da ciki kamar tulu, Nasiba tana tsaye da muciya, mata masu zuwa barka sun haye gadaje.

"Gadi suka yi," in ji Sambo. "Da ɓarawo ne ya zo fa?"

"Da ya bar mana rabi."

Rayan ta yi magana daga cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa don kada jariri ya farka. "Baba, don Allah, tabarma ma ta ishe mu."

"'Yata, ke dai ki sha kununki. Ɗanki ba ɗan tabarma ba ne."

Kafin La'asar karnuka sun koma gidan Jidda, kuma da cikin da suka tafi da shi, aikin Talata ya dawo sabo.

Alhamis dabara ta zo masa a bayan ɗakin Nasiba. Can aka jingine ɗaurin itacen ɗalhi da ta sayo daga Managil, mai ƙamshin nan da amare da masu jego ke zama kan raminsa su turara jiki. Na Rayan ne, ana jiran ta yi arba'in. Sambo ya tsaya yana kallon itacen. Abin da ke sa mace ta yi mako tana ƙamshi, me zai hana shi gyara ciyawa?

Ya saci rabin ɗaurin, ya aro kasko uku, ya cika su da garwashi, ya jera su tsakiyar ciyawa, ya ɗora itace, ya rufe ƙofa don kada ƙamshi ya tsere. Cikin rabin sa'a unguwa duka ta ɗauka. Mata suka fara leƙowa ƙofar gida suna tambayar juna wa aka kawo. Wani tsoho mai wucewa bisa jaki ya tsaya ya yi murmushi shi kaɗai.

Dije ta hau turmi ta leƙo.

"Sarkin Noma, barka da arziki! Wace ce amaryar, Duna ko Shawish?"

"Ilimi ne, ba za ki gane ba."

"Ka yi musu lalle ma, ka gama. Ni zan yi guɗa." Ta shaƙi iska, ta ɓata fuska. "Kai, wanga ƙamshi ya canza. Wa ke ƙona taya?"

Sambo ya juya. Kaskon tsakiya yana nutsewa a hankali, baƙin hayaƙi yana fita ta gindinsa. Ya ruga ya sa hannu ya ɗaga, kasko ya taso da roba tana bin sa zare-zare kamar narkakkiyar alewa. Ya yi ihu ya saki, garwashi ya watse. Ya bi garwashi yana takawa da takalmi, takalmi ya manne, ya zare ƙafa ya taka da ƙafa, ya yi wani ihun. Karnuka suka ɗauka wasa ne, suka shiga zagaye shi suna haushi. Dije ta cika alkawari, ta rangaɗa guɗa.

Da hayaƙi ya lafa, ramuka uku ne baƙaƙe a tsakiyar ciyawa, kowane kamar faifai, da ƙananan ƙuna warwatse kewaye da su.

A masallacin Juma'a ya shigo yana ɗingishi, hannu naɗe da tsumma, jikinsa yana tashin ƙamshin amare. Mutumin da ke damansa ya matsa. Na hagunsa ya matso.

"Yaya aiki, Abu Rayan?" Malam Hamid ya tambaya bayan salla.

"An ci rabi. Ka san gona sai an ƙona ta kafin shuka."

Asabar ya yi dashe. Ya tafi bakin hanyar ruwa da fartanya, ya yanko ciyawar ƙiri-ƙiri da ƙasarta faifai uku, ya cusa a ramukan, ya daddanna da dunduniya. Ta zauna kamar an auna. Sai dai ta gaskiyar ta fi ta robar haske kaɗan, kuma dashe yana son abinci. Ya je wurin Dije da buhu.

"Uwar Awaki, a ba ni taki."

"Na awakina? Bisa ciyawar Alhaji?"

"Kin taɓa ganin dashe ba taki?"

Dije ta dube shi, ta dubi buhun, ta cika masa shi har baki. "Don Allah in bai isa ba ka dawo."

Ya barbaɗa a kan dashen. Da ya ga saura, ya ji ba daɗi a ce wani wuri ya samu wani bai samu ba, ya watsa wa tsakar gidan duka. Sai ya bar ƙofa a buɗe ya tafi ɗebo ruwa a bokiti.

Wata takwas awakin Dije suna hangen wannan kore ta ƙasan ƙofa suna haɗiyar miyau. Yau ƙofa a buɗe, ga ƙamshin ɗanyar ciyawa, ga warin gida. Su goma sha ɗaya suka shiga a jere, bunsuru a gaba. Kafin karnuka su farka daga barcin rana, dashe uku sun tafi har saiwa. Bunsuru ya kama bakin ramin tsakiya ya ja, roba ta biyo shi kamu guda. Nan Duna ya farka.

Sambo ya dawo da bokiti daidai lokacin da awaki ke neman ƙofa. Ƙofa ɗaya ce, shi kuma yana tsakiyarta. Masu shayi sun ce daga kasuwa sun hango bokitin a sama kafin su ji ƙarar.

Dije ta zo tana ƙirga awakinta. Ta zare wani zaren roba kore daga bakin bunsuru, ta ɗaga shi sama.

"In wanga bunsuru ya fara kashin roba, Sarkin Noma, kai za ka yi masa jinya."

Sambo yana zaune cikin laka. Idonsa ya wuce ta, ya wuce katanga, ya sauka kan hanyar ruwa da ke bayan gidan, cike fal, tana sheƙi a rana. Kamar duk hanyoyin ruwan Jazira, ta fi ƙasar gari tudu, don ruwa ya gangara gona da kansa.

"Ruwa mai tsarki," ya ce a hankali. "A kwarara. Malam da bakinsa ya faɗa."

"Mi kake cewa?"

"Ni da nake da kogin Nilu a bayan gida, nake yawo da bokiti!"

Lahadi ya wuni yana haƙa. Ya ja ɗan lambatu daga bakin hanyar ruwa har zuwa kafar da ruwan sama ke fita ta gindin katangar baya, ya faɗaɗa kafar da diga. Ya dawo gaba ya toshe ƙasan babbar ƙofa da gefunanta da buhunan ƙasa da yumɓu, ya lailaye da hannu, yadda ake ɗaure bakin kunya. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ko maƙiyinsa ba zai ce Sambo bai iya ɗaure ruwa ba.

Nasiba ta zo da kanta, abin da ba ta saba ba, da galan ɗin ruwan khal a hannu.

"Abu Rayan, gobe ne fa. Ka bar ni in shiga da tiyo. Ramukan mu rufe su da darduma, ba wanda zai sani."

"Tiyo! Fitsarin kare wata takwas, ki ce tiyo? Wannan sai ban-ruwa. Sha sau ɗaya tak. Gobe da asuba in buɗe, ta sha ta ƙoshi, ƙasa ta tsotse, rana ta busar, baƙi su zo su tarar da ita tana walƙiya."

"Ƙarƙashinta fa daɓe ne. Yaya ya sa an daɓe shi da tsakuwa."

"Nasiba, ke kika shekara talatin kina ba hawasha ruwa ko ni?"

Ta ajiye galan a bakin ƙofa ta tafi. Da ta isa gida ta aika a aro mata tabarmin masallaci, ta ce a ajiye su kusa.

Litinin, ana idar da Asuba, Sambo ya sa fartanya ya fasa bakin lambatu. Ruwa ya taho ja-ja-ja, ya shige ta kafa. Ya tsaya ya ji yadda yake shiga, ya gyaɗa kai.

A Jazira manomi ba ya tsayawa kan ruwa. Hawasha takan wuni tana sha, don haka mutum yakan buɗe ya tafi harkarsa, ya dawo da rana ya toshe. Sambo ya yi lissafi: tsakar gida ba ta kai hawasha ba, saboda haka rabin wuni ya yi mata yawa, sa'a uku ta isa. Ya koma gida ya yi wanka, ya sa farar jallabiya da sabon rawani, ya tafi bakin gada taryen motar Sinnar.

Mota ta yi latti. Ya zauna wurin mai gahawa, ya sha jabana ɗaya, wato 'yar butar gahawa, ya bayyana wa masu jiran mota yadda ake kula da ciyawar waje. Ya sha ta biyu, ya ce yana tunanin buɗe kamfani a Managil. Yana kan ta uku Dije ta wuce da tulu a ka.

"Sarkin Noma, kwaɗi na kuka a gidanku na Jidda."

"Hassada ce ke kuka a kunnenki."

"To. Na dai kwashe kajina na kai tudu."

Da hantsi mota ta iso. Mujtaba, mijin Rayan, ya fara sauka, sai mahaifinsa, dattijo mai tsabta da sandar azurfa da takalmin fata fari, sai kawunai da baffanni goma sha huɗu, kowa cikin farin kaya da guga. Sambo ya rungume su ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi a wuce gida a sha ruwa. Ciyawa tukuna. Aka biya masallaci aka ɗauki Malam Hamid da dattawan gari, aka jawo ragon suna a baya, mata suka fito ƙofofi suna kallo. Tun da aka kafa Hillat Bube ba a taɓa rakiyar mutum zuwa kallon ciyawa da jama'a haka ba.

A ƙofar gidan Sambo ya juya ya fuskance su.

"Alhaji," ya ce wa mahaifin Mujtaba, "ku a Sinnar kuna da madatsar ruwa, ba mu musa ba. Amma abin da ke bayan ƙofar nan, ko a Sinnar sai an tona."

Malam Hamid ya ɗan karkata kai. "Abu Rayan, mi ke ɗiga ta jikin katanga?"

"Raɓa ce, Malam. Lafiyayyar ciyawa takan yi raɓa."

"Karnukan kuma mi ya sa kukansu ke fitowa daga sama?"

"Murna suke. Matso gaba, Malam, kai da Alhaji. Hancinka ne alƙali."

Ya ciro mabuɗi daga wuya, ya ce bismillahi, ya murɗa.

Bai samu ya ja ƙofar ba. Ita ta zo. Ƙyamarenta biyu suka buɗe lokaci guda, buhunan ƙasa suka yi gaba, ruwan sa'a huɗu ya fito tsayin ƙugu, ja wur, da kwaɗi da ganyaye da takin Dije. Sambo ya tafi da ƙyaure ɗaya ya manne a katanga. Malam Hamid ya zauna ba shiri. Mahaifin Mujtaba ya dafa sanda, sanda ta tafi, ya dafa Mujtaba, suka tafi tare. Kawunai goma sha huɗu suka tattare jallabiya suka watse, wasu bisa amalanken jaki, wasu jikin dogon yaro. Rago ya fizge igiya ya nufi gona.

Sai ga fallen ciyawa na tsakiya ya fito. Ba ƙusa, ba yashi, ba abin da zai riƙe shi. Ya ratso ƙofa a hankali, shimfiɗe bisa ruwa kamar kwale-kwale, Duna a gaba, Shawish a baya, galan ɗin ruwan khal yana bin su a gefe. Ya wuce Malam, ya wuce Alhaji, ya yi kwana a bakin gidan Dije, ya gangara hanyar kasuwa. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Wani direban raksha, keke mai ƙafa uku, ya tsaya ya danna masa oda.

A tsakiyar hanya, gaban shagon tela, ruwa ya ƙare, ciyawa ta zauna. Karnuka suka sauka, suka dawo da gudu wurin jama'a, suka tsaya tsakiyar baƙin Sinnar suka girgije jiki.

Aka ɗaga Malam Hamid. Ya matse gemu, ya zare wani ƙaramin kifi daga aljihun gaba, ya dube shi, ya jefa a kwata. Sambo ya ɓamɓaro kansa daga katanga, rawani ya warware ya rataya a kafaɗa ɗaya.

"Malam, tsakaninka da Allah. Akwai wari?"

Malam ya shaƙi iska. Mutum ne mai gaskiya.

"Babu. Ta yi tsarki. Hanya ta yi tsarki, ni ma na yi tsarki, baƙi sun yi tsarki. Ladan, a shimfiɗa tabarmi ƙofar masallaci."

"An riga an shimfiɗa," in ji Nasiba daga bayan mata.

Wani ya ruga ya toshe lambatu, wasu suka bi rago. Aka rarraba baƙi gidaje aka ba su aron kaya. Mahaifin Mujtaba ya fito cikin rigar ladan da ta tsaya masa a gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na wanka. Sambo ya yunƙura zai bi su, sai ya hangi awakin Dije sun fito a jere, bunsuru a gaba, sun nufi shagon tela.

Haka aka raɗa sunan jikansa na fari yana zaune tsakiyar hanyar kasuwa, bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa, da kara a hannu yana korar awaki. Ta lasifikar masallaci ya ji an ce yaro ya ci suna Osman. Ya shafa fatiha shi kaɗai, da kara a hammata.

Can sai ga Nasiba tana tsallake laka, waya a hannu.

"Yaya ne daga Jidda. Ya yi wa kowa barka. Ya ce a nuna masa ciyawarsa."

Sambo ya karɓa. Fuskar Alhaji Attahiru ta cika wayar, yana murmushi. Sambo ya yi sauri ya kifa wayar dab da ciyawa, inda ba rami ba ƙuna.

"Alhaji, ka gani? Tun da aka ƙera ta ba ta taɓa wankuwa haka ba."

"Masha Allah, har sheƙi take! Abu Rayan, ka yi ƙoƙari. Ɗaga in ga gidan."

"Hannuna na ciwo, Alhaji."

Nasiba ta sa hannu ta ɗaga masa. Alhaji Attahiru ya matso da fuska. Bayan kan Sambo akwai tela a bakin kekensa, da mai gahawa, da amalanken jaki da ya tsaya yana jiran a ba shi hanya, da Dije tana ɗaga hannu tana gaisuwa.

"Abu Rayan," ya ce a hankali, "yaushe aka buɗe kasuwa a tsakar gidana?"

Sambo ya gyara abin da ya rage na rawaninsa.

"Baƙi ne suka yi yawa, Alhaji. Gidan ya yi musu kaɗan, shi ya sa muka fito da tsakar gidan waje."